SHIN TSANANIN HUNTURU NA NUFIN TSANANIN BAZARA?

Duk shekarar da hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, leɓɓa suka tsattsage, dugadugai suka yi faso, akwai maganar da ba ta rasa mai faɗinta a zangunanmu, tun daga Nima da Sabon Zango na Akra, zuwa Aboabo ta Kumasi, har Tamale da Bawku. Za ka ji dattijo ya ƙudundune cikin mayafi yana cewa, "Wannan sanyi na bana, ku jira bazara ku gani, sai ta biya bashi." In kuwa sanyin ya zo da sauƙi, sai a juya maganar, a ce ai bana zafi ma ba zai yi tsanani ba. Wasu har sukan ƙara da cewa hazo mai kauri alamar damina mai albarka ce.

Magana ce da muka gada, kuma tana da daɗin faɗi, domin tana nuna mana duniya a matsayin mai adalci, mai ma'auni, wadda ba ta ɗaukar abu a hannun dama sai ta mayar da shi a hannun hagu. Ra'ayinmu dai shi ne wannan magana ba ta isa a dogara da ita ba. Tsananin hunturu bai faɗa mana komai tabbatacce game da zafin da ke tafe, kuma sauƙinsa ba alkawarin rangwame ba ne. Wannan rabi na biyu shi ya fi damunmu, domin shi ne ke iya sa mutum ya saki jiki a shekarar da ya kamata ya ɗaura ɗamara.

Mu fara da tambayar inda maganar ta fito. Kakanninmu fatake da suka biyo hanyar Gwanja neman goro, suka yada zango a Salaga, sannan suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ba kaya kaɗai suka ɗauko a kan jakuna ba. Sun taho da lissafin shekara irin na Kano da Katsina da Gobir. A can shekara kashi huɗu ce a bayyane: damina, kaka, hunturu, bazara. Ruwa sau ɗaya yake zuwa. Sanyi yana zuwa a Disamba da Janairu, zafi yana kai maƙura a Afrilu da Mayu, sannan hadari ya taso. A irin wannan ƙasa hunturu da bazara maƙwabtan juna ne, katanga ɗaya ce tsakaninsu, don haka ba abin mamaki ba ne mutum ya ɗauka na farko shi ke haifar da na biyu.

To amma mu da ke zaune a kudancin Gana, wace shekara muke rayuwa a cikinta? A Kumasi da Akra damina biyu ake yi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Lokacin da Bakano ke kwana a tsakar gida saboda gumi a watan Mayu, mu ruwa ne ke dukan kwanon ɗakunanmu. Zafinmu mafi tsanani a Fabrairu da Maris yake. Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne, idan aka bi ma'auni wata bayan wata, watan da ya fi kowanne sanyi a Akra shi ne Agusta, lokacin da ruwan teku mai sanyi ke tasowa daga ƙasa a bakin gaɓa, gajimare kuma ya rufe rana. Janairu yana da sanyin asuba, amma ba shi ne ke riƙe da kambun ba. Ashe mun ɗauko ƙa'idar da aka ƙera don wata ƙasa muna auna wata da ita. Sai ka haura Tamale da Wa da Bolgatanga kafin ka tarar da shekara mai kama da ta ƙasar Hausa, kuma ko a can ɗin, kamar yadda za mu gani, ƙa'idar ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Me ke kawo hunturu? Daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen tsakiyar Maris, iska mai nauyi takan taru a kan arewacin Sahara, ta wajen Libiya, sai ta kwararo kudu maso yamma. A arewacin Cadi takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar ruwan da aka tura cikin mazurari, ta fito da ƙarfi ta faɗa wani kwari da ake kira Bodele, kusa da garin Faya-Largeau. Wannan kwari shi ne wuri ɗaya da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Dubban shekaru da suka wuce ƙasan wani makeken tafki ne, kakan Tafkin Cadi na yau, kuma farar ƙurar da muke gogewa a kan tagogi da kujeru, da yawa daga cikinta ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu a wancan tafki. Cikin kwanaki kaɗan takan ratsa ƙasar Hausa ta iso bakin teku. Har sunan da Turawa ke kiran wannan iska da shi, masana harshe da yawa na ganin daga bakin maƙwabtanmu Akan aka aro shi.

Sanyin kansa yana da dalilai uku da suke haɗuwa. Iskar takan zo da ragowar sanyin ƙasashen Bahar Rum a duk lokacin da wani sanyi ya ɓalle daga can ya tsallako hamada. Ƙura takan tare hasken rana, sai yini ya ƙi ɗaukar zafi. Da dare kuwa, saboda babu laima a iska, babu gajimaren da zai zama bargo, zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya tsere sama, asuba ta wayi gari da ɗari. Duk waɗannan abubuwa ne na kwanaki ko makonni. Iskar ta yi ƙarfi kwana biyar, ta lafa kwana goma, ta sake tasowa. Ba ta ajiye komai a rumbu da bazara za ta zo ta ɗiba.

Bazara kuwa daga wata hanya take zuwa. Rana ce ke hawowa daga kudu har ta tsaya tsaf a tsakiyar ka: a Akra farkon Afrilu, a Tamale tsakiyarsa, a Kano jim kaɗan bayan 20 ga watan. Ƙasa ta bushe ƙamas, babu ruwan da zai shanye zafin, sai ya koma iska gaba ɗaya. Sannan iskar teku mai laima ta fara turowa daga kudu, tana karo da busasshiyar iskar hamada, iyakar da ke tsakaninsu tana matsawa arewa sannu a hankali. Kafin ruwa ya sauka, laimar nan ce ke hana gumi bushewa, ta hana dare hucewa. Tsananin bazara ya dogara ga yadda ƙasa ta bushe, da yawan gajimare, da jinkirin ruwan farko, da ɗumin tekunan Atlantika da Pasifik. Babu inda aka rubuta sanyin Janairu a cikin wannan lissafi. Don haka ne ma cibiyoyin da ke hasashen damina, irin su AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai, da hukumar yanayi ta Gana da takwararta ta Nijeriya, suka fi zura ido ga ɗumin ruwan teku. Teku ne ke da dogon tunani, yana riƙe zafi wata da watanni. Iska kuwa mantuwa gare ta.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, don haka mu gwada maganar da shekarun da muka sani. Janairun 2024 shi ne Janairu mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya zuwa wancan lokaci. Bisa ƙa'idar da muka gada, ya kamata bazarar shekarar ta zo da sauƙi. Me aka gani? Tun a Fabrairu zafi mai laima ya lulluɓe gaɓar teku daga Kwaddebuwa zuwa Gana da Nijeriya, har sai da aka riƙa tsayar da wasa a gasar cin kofin Afirka domin 'yan ƙwallo su sha ruwa. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu abin ya koma Sahel. Ranar 3 ga Afrilu, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 a ma'aunin Salshiyos. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata 130 aka ƙirga a watan gaba ɗaya, kuma da yawansu tsofaffi ne. Abin ya faɗo a ƙarshen azumi, ga kuma ɗaukewar wutar lantarki. Gamayyar masana ta World Weather Attribution da ta bincika lamarin ta ce zafi irin wannan ba zai auku ba in ba don ɗumamar yanayin da ayyukan ɗan Adam suka jawo ba. Babu wani gagarumin sanyi da ya riga shi zuwa ya yi masa iso.

Wanda ke riƙe da maganar hazo da albarkar damina kuwa, sai ya tuna 1983. Duk wanda ya kai shekara hamsin a ƙasar nan ya san ta. Busasshiyar iska mai ƙarfi ta daɗe tana kaɗawa, gobarar daji ta cinye gonakin koko da na abinci, ga kimanin mutum miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya a farkon shekarar, yunwa ta kai ana yi wa ƙashin wuya laƙabi da sarƙa. Hazo bai kawo albarka ba a wannan shekara. Gaskiyar lamarin ita ce hazo ya fi ba da labarin baya a kan na gaba. A tsibirin Barbados, can ƙetaren Atlantika, tun 1965 ake auna ƙurar Afirka da iska ke kaiwa, kuma an gano cewa ƙurar takan yawaita ne bayan shekarar da damina ta gaza a Sahel. Ta ninka sosai a shekarun fari na 1970 da 1980. Wato idan ka ga hazo ya yi kauri, tambayar da ta fi dacewa ita ce yaya daminar bara ta kasance a arewa.

Ba mu kaɗai ke da wannan tunani ba. Mutanen Ingila ma sukan ce tsananin sanyi kan jawo tsananin zafi, su kuwa suna da rubutaccen ma'aunin zafin tsakiyar ƙasarsu tun daga 1659. A 1947 sun sha sanyi mai tsanani, sai lokacin zafi ya zo da ƙarfi, masu maganar suka ce ga shi nan. A 1963 suka sha sanyin da rabonsu da irinsa tun 1740, amma lokacin zafin da ya biyo baya ya zo salin-alin, har da sanyi-sanyi. Zafin 1976 kuwa, wanda har yau suke ba da labarinsa, ya biyo bayan lokacin sanyi mai sauƙi ne wanda ruwa ya yi ƙaranci a cikinsa. Shekara ɗaya ta gaskata maganar, biyu sun ƙaryata ta. Abin da ke faɗa daidai yau ya kuskure gobe da jibi, sunansa dace.

To me ya sa maganar ta ƙi mutuwa? Dalili na farko shi ne ba ta da hanyar faɗuwa. Wace shekara ce bazara ba ta yi zafi ba a Tamale ko Navrongo? Wanda ya ce za a yi zafi a Maris kamar wanda ya ce kasuwar Kejetia za ta cika ne gobe. Na biyu, jiki ne ke yaudararmu. Jikin ɗan Adam kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi. Wanda ya yi wata biyu yana jin ɗumi a bakin murhu, ranar da iska ta juya zai ji kamar an jefa shi a tanda, ko da ma'auni bai nuna abin da ya wuce na kullum ba. Na uku, zuciya na adana shekarar da magana ta faɗa daidai, ta watsar da wadda ta kuskure. Babu mai tashi a watan Afrilu ya tara jama'a ya ce, "Ku tuna na ce za a yi zafi fiye da kima, ga shi ba a yi ba." Na huɗu shi ne son da muke yi wa daidaito. Mun saba da cewa bayan wuya sai daɗi, kuma kowane bashi yana da ranar biya. Wannan tarbiyya ce mai kyau tsakanin mutum da mutum, amma iska ba ta cin bashi.

Mun san akwai mai cewa, "Yanzu ku ne za ku ƙaryata dattawa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Wannan ƙorafi ne da ya cancanci amsa cikin ladabi. Ilimin yanayi na iyayenmu ba abu ɗaya ba ne dunƙule, da za a ce ko a karɓe shi duka ko a zubar duka. Mafi yawansa lura ce ta gaske. Da suka ce dawowar shamuwa alamar ruwa ce, sun yi gaskiya, domin tsuntsuwar tana biyo damina ne daga kudancin nahiya. Da suka ce in iska ta juya ta fara kaɗowa daga kudu maso yamma a gyara garma, sun yi gaskiya, domin iskar teku ce mai ɗauke da ruwa. Da suka ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama, lissafin rana ne suka yi, kuma rana ba ta saɓa alkawari. Da suka ce sanyin hunturu na sa mangwaro fure, nan ma sun faɗi daidai, domin bushewa da sanyin dare suna zaburar da itacen. Manomin alkama a Kadawa ya san amfanin dogon sanyi, kamar yadda manomin koko a Ahafo ya san ɓarnar busasshiyar iska in ta wuce kima. Abin lura shi ne duk waɗannan alamu suna da igiyar da ta ɗaure su da abin da suke nunawa, kuma tazararsu gajeriya ce. Maganar sanyi da zafi ita ce ba mu ga igiyarta ba. Girmama dattawa shi ne mu yi abin da suka yi, wato mu duba, mu auna, mu riƙe abin da ya tabbata.

Akwai kuma wani abin da su ba su fuskanta ba. Sun yi lissafinsu a duniyar da matsakaicin zafinta yake zaune wuri ɗaya, shekara ta ɗan haura, wata ta ɗan sauka. Yau matsakaicin ne kansa ke tafiya. An ce 2023 ta fi kowace shekara zafi a tarihin ma'auni, sai 2024 ta zo ta wuce ta. A irin wannan hali abin da ya fi yiwuwa shi ne hunturu ya riƙa raguwa, bazara kuma ta riƙa ƙaruwa, su biyun suna tafiya gefe ɗaya. Wannan kishiyar abin da muka gada ne.

In ana neman alaƙa ta gaskiya tsakanin hunturu da bazara, to a asibiti take. Arewacin Gana yana cikin yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar cutar ta sami ƙofa. Cutar kan fara ɗagowa a cikin hunturu, ta yi ƙamari a cikin zafi, ta lafa da saukar ruwa. A annobar 1996 mutum fiye da 250,000 suka kamu a faɗin yankin, kimanin 25,000 suka rasu. Rigakafin da aka fara bayarwa a 2010 ya karya lagon nau'in da ya fi yin kisa a wancan lokaci, amma sauran nau'o'in suna nan. Saboda haka dogon hazo gargaɗi ne, sai dai abin da yake cewa shi ne a kula da cunkoso a ɗakin kwana, a kai yara rigakafi, kuma duk wanda zazzaɓi ya kama da ciwon kai da sandarewar wuya a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran gobe ba.

Wannan ne ya kawo mu ga dalilin da ya sa batun ya wuce hirar dandali. Dubi yadda zangunanmu suke. Kakanninmu sun baro soron ƙasa mai kaurin bango, wanda ke riƙe sanyi da rana ya saki ɗumi da dare. Mu kuwa muna kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano, sau da yawa babu silin, taga ɗaya ce ko babu, gida na manne da gida, itatuwan da ke tsakar unguwa an sare su an yi shago. Ranar da wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ɗakin kan koma tanda har tsakar dare. Waɗanda abin ya fi ci su ne tsofaffi, da jarirai, da masu juna biyu, da masu hawan jini ko ciwon sukari, da 'yan matan da ke dakon kaya a ka a kasuwannin Akra da Kumasi, da masu tuya da gashi a bakin wuta. Idan muka ce wa waɗannan bayin Allah bana hunturu bai yi ba, don haka zafi zai yi sauƙi, mun ba su kwanciyar hankalin da ba mu da ikon bayarwa.

Abin da ya kamace mu shi ne mu ɗauki kowace bazara a matsayin mai tsanani tun kafin ta iso. Mai hali ya sa silin, ya buɗe taga ta biyu domin iska ta ratsa, ko ya shafa wa kwano farin fenti. A dawo da randa da tulu, waɗanda ba sa jiran lantarki. Kowane layi ya san tsofaffinsa da ke kwana su kaɗai, a riƙa leƙa su da rana tsaka, a miƙa musu ruwa ko ba su nema ba, domin ƙishirwar tsoho ba ta cika yin magana ba. Sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa su mai da shuka darbejiya da mangwaro aikin gayya, su kuma tsaya a kan rainonsu, tunda shukawa ba ta kai raino wuya ba. Masu gidajen rediyo da ke watsa shiri da Hausa su riƙa fassara mana sanarwar hukumar yanayi, domin gargaɗin da ya tsaya a Turanci bai isa kunnen gyatumarmu ba. Manoman arewa kuma su jira hasashen damina da alamun kusa, kada kaurin hazon Janairu ya sa su zuba iri a ruwan farko.

Maganar dattawa za ta ci gaba da zagayawa a bakin murhu duk shekara, kuma babu laifi a yi ta don nishaɗi. Amma idan aka zo batun rufin ɗaki, da lafiyar tsoho, da irin da za a binne a ƙasa, sai mu nemi shaidar da ta fi ta ƙarfi. Allah Ya ba mu ikon jure sanyi da zafi, Ya kawo mana damina mai albarka.